Dandaƙa, Tun Daga Zamanin Rumfa

 Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, shi Tarihin Kano ya ambata da fara naɗa babanni sarautu, domin sarakuna sun daɗe da fahimtar cewa namijin da aka yi wa fiɗiya tun yana yaro gemu ba ya fito masa, muryarsa ba ta buɗewa, ba shi kuwa da ɗan da zai nema wa gadon sarauta. Shari'a ta haramta yi wa ɗan Adam haka, illa dai fada ba kullum take sauraron malamai ba.

Amma game da dabbobi, littafin Risala na Ibn Abi Zaid, wanda almajiranmu ke biyawa a zaure, ya halatta dandaƙe tumaki saboda gyaran namansu, ya hana a yi wa dawaki. Makiyayi yakan kayar da bunsuru, ya ɗora jijiyar 'ya'yan marainansa bisa itace ya daddaka, bayan 'yan watanni sai ga taure mai ƙiba, warin ya tafi, faɗan ya kwanta.

Sirrin wannan al'amari bai bayyana ba sai 1935, lokacin da Ernst Laqueur ya tace sinadarin testosteron daga marainan bijimai a Amsterdam. Kafin nan likita Serge Voronoff ya yi ta dasa wa tsofaffin attajirai yankan marainan birai a Faransa da da'awar mayar musu da ƙuruciya, aikin da ya tashi a banza. Amfanin biri na haƙiƙa ya zo ne daga baya, yayin da masu bincike a Amurka suka auna jinin birai maza a 1971, daga bisani kuma suka gano cewa wanda aka ka da shi a faɗa sinadarinsa yakan faɗi. An kuma tabbatar cewa jiki yana juya wani kaso na testosteron zuwa estradiyol, wanda ake jingina wa mata, a cikin ƙwaƙwalwar namijin kansa, saura kuwa hanta ta sarrafa shi ya fita ta fitsari da kashi.