Yadda Littafi Mai Tsarki ya iso gidajen manoma a gabashin Kano

Ƙasar Gaya da Ajingi ƙasar noma ce, kuma tsohuwar ƙasa ce, domin tarihin baka ya ce daga Gaya maƙeran Abagayawa suka tashi neman tama har suka sauka a Dala. Galibin mutanen yankin Musulmi ne tun zamanin kakanni. Amma a karkarar gabashi da kudancin Kano, har zuwa Gani ta Sumaila, akwai Hausawa Kiristoci 'yan tsiraru, yawancinsu zuriyar Maguzawa, masu ibada da harshen da suka sha a nono.

Hanyar da addinin ya biyo kafin ya iso gare su doguwa ce. A 1900 Bishop Tugwell da Likita Walter Miller na mishan ɗin CMS suka iso Kano, Sarki Alu ya sallame su cikin 'yan kwanaki. Ko bayan Turawa sun ci birnin a 1903, gwamnatin mulkin mallaka ta taƙaita aikin mishan a masarautu. Miller ya zauna a Zariya, ya duƙufa kan fassara tare da abokan aikinsa Hausawa, mishan ɗin ya koma Wusasa a 1929, sannan a 1932 cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa.

A zamanin Sarki Abdullahi Bayero ne ƙofa ta ɗan buɗe wa mishan ɗin SIM a Kano, kuma ta hanyar magani ta buɗe. Sun yi jinyar kutare a Yadakunya, suka kafa asibitin ido na Kano a 1943. Majinyacin da ya daɗe a hannunsu yakan koma ƙauye da karatun boko a ka da littafi a aljihu. Da aka kafa ikilisiyar ECWA a 1954, ragamar aiki ta fara komawa hannun 'yan ƙasa, makarantar Littafi Mai Tsarki ta Tofa kuma ta riƙa yaye masu bishara. Irin wannan mai bishara da fartanyarsa yake zuwa ƙauye. Da rana yana gona kamar kowa, da dare yana koyar da baƙi da wasali a gaban aci-balbal.

Daga nan ibadar gida ta samo asali. Kafin a fita gona, maigida ko yaron da ya fi iya karatu zai buɗe Zabura, a rera waƙa ɗaya daga Littafin Waƙoƙi, a yi addu'a a kan abin da ke damun gidan: jinkirin ruwan sama, zazzaɓin yaro, bashin taki, ɗan da ya tafi cirani bai aiko da saƙo ba. Tsofaffin da ba su taɓa riƙe alƙalami ba sun haddace ayoyi ta wannan hanya, don kullum suna ji.

Mata ne suka fi ɗaukar nauyin ƙarfafa juna. Zumuntar Mata, da zanensu iri ɗaya da kiɗan tulu, su ne masu zuwa barka, masu duba mara lafiya, masu zaman makoki da gwauruwa, kowace da ɗan kwanon hatsinta ko 'yan kuɗin cefane. Da kaka kuwa, manoma kan kawo dammunan gero da dawa majami'a a matsayin baikon godiya, a ciyar da fasto da mabukata daga ciki.

An sabunta fassarar Littafin a ƙarshen shekarun 1970, yau kuma matasa da dama a waya suke karanta shi. Hausawa, Fulani da Barebari Kiristoci sun haɗu a Tarayyar Masihiyawan Nijeriya, inda suke neman a san cewa su ma 'yan asalin ƙasar ne, kasuwarsu da rijiyarsu ɗaya da maƙwabtansu Musulmi.