Yadda Ƙauyukan Ingila Suka Sami Sunayensu

A shekarar 1086 Sarki William ya sa aka ƙidaya filaye da dukiyar Ingila. Littafin da aka haɗa, wato Domesday, ya ambaci wurare sama da 13,000, kuma akasarinsu har yau suna amsa sunan da aka same su da shi, sai dai lafazi ya sauya.

Sunaye kaɗan ne suka rage daga harshen Kelt, mutanen da Rumawa suka tarar, galibi sunayen koguna ne irin su Avon, wanda ma'anarsa kogi. Inda kuma suna ya ƙare da -chester ko -caster, kamar Lancaster, yawanci akwai tsohon sansanin Rumawa a wurin.

Kaso mafi tsoka na ƙabilun Angil da Sakson ne, waɗanda suka ƙetaro daga arewacin Jamus da Danmak tun ƙarni na 5. Manoma ne, kuma sukan kira wuri da abin da ido ya gani ko da sunan mai shi, kamar yadda ake cewa Gidan Wane ko Tungar Wane. A bakinsu -ton gona ce mai shinge, -ham mazauni, -ley fili a tsakiyar daji, -ford kuwa mashigin kogi. Oxford mashigin shanu ne. Birmingham mazaunin mutanen Beorma ne, wanda ba don garin ba da tuni an manta da shi.

A 865 rundunar Viking ta sauka, daga baya ta raba gonakin gabas da arewa. Nasu sunayen kan ƙare da -by ko -thorpe: Grimsby ƙauyen Grim ke nan. Wani wurin ma sun sake masa suna ɗungurungum, domin da can Northworthy ake ce wa Derby. Irin waɗannan sunaye sun yi dandazo a Yorkshire da Lincolnshire, suna nuna inda baƙin suka kafa gida.

Mutanen Normandi da suka ci ƙasar a 1066 sun tarar kowane ƙauye da sunansa, sai suka riƙa liƙa na zuriyarsu a baya, kamar Stoke Mandeville. Harshensu ne kuma ya zubar da harafin farko na Snotingaham, aka wayi gari da Nottingham.

Tun 1923 ƙungiyar masana sunayen wuraren Ingila take bin gunduma-gunduma tana tono tsohon rubutun kowane suna. Aikin ya cancanci wahalarsa, domin littattafan tarihi sarakuna suka fi ambata, manomin da ya sare daji ya kafa shinge kuwa sunan ƙauyensa ne kaɗai shaidarsa.