Daga Maradi zuwa Maraɗi: tarihin ƙugiya da babban baƙi a rubutun sunaye

Sa'ad da Faransawa suka fara rubuta sunayen ƙasar Katsina da Gobir a takardun mulki, sun yi amfani da baƙaƙen harshensu ne kawai. Ta haka Maraɗi ta zama Maradi, Jiratawa ta zama Djiratawa, sarki Ɗan Baskore kuma ya zama Dan Baskoré. An zubar da ƙugiyar da Hausa ke buƙata, an ɗora wa wasali alamar da ba ta buƙata. Tsibiri, wadda Gobirawa suka kafa a 1836, ta zama Tibiri, sarkin da ya kafa ta, Mayaƙi, shi ma bai tsira ba.

A Nijeriya an karɓi ɓ, ɗ da ƙ tun ƙarshen shekarun 1930, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo kuma ta yaɗa su daga 1939. Nijar ta bi sahu bayan taron UNESCO na Bamako a 1966. Duk da zaman daidaita rubutu na Yamai a 1980, bambanci ɗaya ya saura: Nijar na rubuta ƴ, Nijeriya na rubuta 'y.

Wannan gadon ne ya iske kwamfuta. Mai cika takarda a intanet yakan rubuta MARADI, ko maradi, ko Maraɗi, na'ura kuwa sai ta yanke ko abu ɗaya ne. Dabarar da aka saba da ita a Faransanci ita ce a mayar da manyan baƙaƙe ƙanana, a cire alamun saman wasula, sannan a gwama. Kashin farko yana aiki, domin tsarin Unicode, wanda ya fito a 1991, ya haɗa Ɓ da ɓ, Ɗ da ɗ, Ƙ da ƙ, Ƴ da ƴ. Na biyu kuwa ba ya taɓa ƙugiya: é tana rabuwa zuwa e da alamarta, ɗ ba ta rabuwa, baƙi ce mai zaman kanta. Saboda haka Baskoré zai dace da Baskore, amma Maradi ba za ta dace da Maraɗi ba.

Wasu masu tsara manhaja sukan warware matsalar da mayar da kowace ƙ zuwa k. Wannan kuskure ne babba ga ƙamus da littattafan yaƙi da jahilci, inda baki da baƙi, ko kafa da ƙafa, za su faɗa rami ɗaya. Abin da ya dace shi ne a adana abin da mutum ya rubuta yadda yake, a yi sassaucin a wajen bincike kaɗai. Djiratawa da Jiratawa kuwa babu cire alamar da zai haɗa su, sai da jerin sunaye mai nuna rubutun Faransanci kusa da na Hausa, aikin da ya ƙara zama wajibi tun da Nijar ta ɗauki Hausa harshen ƙasa a 2025.