Tarihin Wel a Ruwan Birnin Niyok

Kafin in shiga tarihi, ya kamata mai karatu ya san dabbar da nake nufi. Wel dai siffar kifi gare shi, amma ba kifi ba ne. Iska yake shaƙa, haihuwa yake yi, ya kuma shayar da ɗansa nono, tamkar ayun da masunta suka sani a Binuwai da Kwara. Irin da ake kira mai doro yakan kai tsawon mita 15. Shi ne yau ake hangowa daga gaɓar Niyok, birni mafi yawan jama'a a Amurka.

Turawan da suka zauna a tsibirin Long Island, gabas da birnin, tun 1644 suka kafa doka a garin Southampton kan yadda za a raba wel ɗin da teku ta turo gaɓa. Daga baya suka daina jiran teku, suka riƙa ɗaukar 'yan asalin wurin, ƙabilar Shinekok, su shiga kwale-kwale su soko shi da mashi. Kitsensa ake so, a narka shi a zuba a fitila. Wajen 1845 tashar Sag Harbor kaɗai tana da jiragen farauta kimanin 60, kuma sai sun yi tafiya mai nisa, don na kusa sun yi wuyar samu.

A ganina ba tausayi ne ya fara sassauta wannan farauta ba, kananzir ne. Da aka haƙa rijiyar mai a Fensilbaniya a 1859, kasuwar man wel ta soma faɗuwa. Doka ta biyo baya da jinkiri: a 1955 aka hana farautar mai doro a arewacin Atilantika, a 1972 kuma Amurka ta yi dokar kare dabbobin teku masu shayarwa da ta tsabtace ruwa. Duk da haka har 1986 wani sashe na Manhatan yana zuba ƙazantar bayan gida cikin kogin Hudson ba tare da tacewa ba.

To, hana kisa daban, samun abinci daban. Akwai wani ƙaramin kifi mai maiƙo, manhaden, wanda mutane ba su cika ci ba, sai dai a kwashe shi a yi taki da abincin dabbobi. Shi ne tuwon wel a wannan yanki. A 2012 aka ƙayyade yawan da za a kama a duk gaɓar gabas, a 2019 kuma jihar Niyok ta hana kwasarsa da babbar koma. Kifin ya yawaita kusa da gaɓa, wel ya biyo shi, har a Nuwamban 2016 aka ga wani ya kutsa cikin kogin Hudson, yana kiwo daura da dogayen benaye.

Sai dai wurin kiwon nan shi ne hanyar manyan jiragen kaya masu shiga ɗaya daga cikin tashoshi mafi hada-hada a ƙasar. Yawancin masu zuwa kuwa ƙanana ne, ba su gama girma ba. Tun 2016 gawar masu doro da ake tsinta a gaɓar gabas ta ƙaru, da yawa da raunin karo da jirgi. A Mayun 2024 wani jirgin 'yan yawon shaƙatawa ya shigo Buruklin da mataccen wel na wani jinsin, mai tsawon mita 13, rataye a goshinsa.