Zumuntar Babbar Sallah a Rigasa

Tun da Turawa suka mayar da mazaunin mulkin Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917, mutanen Zazzau da Katsina da Kano suka yi ta kwararowa neman halaliyarsu, har zuriyarsu ta cika unguwanni irin su Rigasa, amma, alhamdu lillahi, ba su bari nisa ya yanke zumunta ba. Kowace Babbar Sallah, bayan an sauko daga Idi, akan hallara a zauren dattijon gida, a raba naman layya, a roƙa wa magabata gafara, a karanta wa yara nasabarsu kaka da kakanni. Jikokin da aiki ya kai Abuja kuwa, tun 2016 jirgin ƙasa ke sauke su a tashar Rigasa.