Daga Mobil zuwa Shaltos: Sunayen da Suka Fi Kamfanoninsu Daɗewa

Duk wanda ya bi hanyar Zariya daga Kano, ya wuce Kwanar Dawaki ya doshi Kura, zai ga manoman rani ɗauke da jarkoki a bayan babur suna neman man injin ban-ruwa. Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974, ruwa ya biyo magudanan Kadawa zuwa Kura da Bunkure, noman wannan yanki ya ƙulla zumunci da gidan mai.

Tarihin gidan mai a Najeriya ya girmi haƙo mai. A 1907 kamfanin da daga baya ya zama Mobil ya fara sayar da kananzir a ƙasar nan. Sai a 1956 Shell ya gano ɗanyen mai a Oloibiri. Daga nan sunaye suka yi ta juyawa. Esso ya koma Unipetrol a 1976, sannan Oando a 2003. Gwamnatin Obasanjo ta ƙwace BP a 1979 ta raɗa masa AP.

Amma canza allo daban, canza bakin mutane daban. Shell ya taɓa fitar da maganin sauro na fesawa mai suna Shelltox. Har gobe uwar gida kan aiki yaro ya sayo mata "shaltos", ko da kuwa gwangwanin na wani kamfani ne. Haka Omo ya cinye sunan garin sabulu, Maggi ya cinye na ɗanɗanon miya.

A Indonesiya abin ya zo ta wata fuskar. Can kalmar "mobil" mota take nufi, kuma daga Turawan Holan da suka mulki ƙasar ta samo asali. "Pertama" kuwa, a harshensu da na Malesiya, tana nufin "na farko". Da kamfanin man gwamnatinsu, Pertamina, ya fito da fetur mai suna Pertamax a 1999, matasa suka karɓe sunan, suna faɗarsa cikin raha ga wanda ya riga kowa.



Kamfani na iya sayar da gidajen mansa ya tattara ya tafi, amma sunan da ya shiga bakin talaka ya riga ya zama na Hausa.