Daga UPE Zuwa Ciyarwa: Me Ɗan Talaka Ya Ƙaru Da Shi?

Masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya. Yau kusan shekara hamsin ke nan gwamnatoci na fito da shirye-shiryen ɗaga ɗan talakan karkara domin ya kamo takwaransa na birni a fagen ilimi. Ya dace mu mutanen Toranke mu tambayi kanmu: wanne ne ya yi amfani, kuma me ya sa?

A watan Satumba na 1976 gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta, wato UPE. Yara suka yi dafifi fiye da yadda aka zata, azuzuwa suka cika, aka ɗebo malamai ta hanyar horon gaggawa. An buɗe ƙofa ga kowa, amma yara da dama a ƙauyuka suka gama aji shida ba su iya rubuta wasiƙa ba.

A 1977 kuwa Jihar Kano ta bi wata hanya dabam, ta buɗe makarantun kimiyya a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa. Aka zaɓo yara ta jarrabawa, aka ba su kwana da abinci da ɗakunan gwaji da ƙwararrun malamai. Daga nan likitoci da injiniyoyi masu yawa suka fito, cikinsu har da 'ya'yan manoma. Sai dai kaɗan ne suka sami gurbi.

Daga baya shirin UBE ya zo a 1999, gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta ciyar da 'yan firamare, sannan a 2019 aka ayyana ilimi kyauta kuma dole a jihar. Abinci ya jawo yara makaranta, amma ba a nan gizo ke saƙa ba, domin abinci ba ya koyar da lissafi. Ko a Amurka, shirin Head Start na 1965 ya ɗaga makin 'ya'yan talakawa da farko, amma binciken gwamnati ya nuna ratar takan dusashe cikin shekarun farko na firamare.

Darasin a fili yake: tallafi yakan yi tasiri ne idan akwai malami nagari, kuma aka ɗore. A yankinmu na Gaya da Ajingi, inda damina ke kai yara gona, talla ke riƙe 'yan mata, wannan darasi ya fi shafarmu.

Saboda haka muke kira ga ƙungiyarmu da ta wuce ginin aji kawai. Mu nemi malamai, mu shirya darasin ƙari ga masu rauni, mu riƙa gwada karatun 'yan aji uku kowace shekara. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya sa mu dace.